Yadda Gidaɗo Ya Gyara Taswirar Gwamnati

A rugagen da ke gabas da Dumega, in ka ce wa mutum yana da halin Gidaɗo, to ka shirya faɗa. Gidaɗo ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba, bai kuma taɓa sakin shanu cikin gonar kowa ba. Ciwonsa guda ne, da shi aka haife shi: ba ya iya jin kuskure ya yi shiru. Sai ka ga ya gyara zama, ya ɗaga yatsa sama, ya ce, "Ba haka na ba." Abin haushin kuma, duk lokacin da ya faɗa, shi ke da gaskiya. Da yana kuskurewa ko sau ɗaya a shekara, da mutane sun sami inda za su huce.

Tun yana saurayi ya tsayar da maroƙi a tsakiyar biki, ana cikin yabon ango, ya ce kakan nan da ake ta kirari bai taɓa kashe zaki ba, wata tsohuwar kura ce gurguwa, ita ma a mace ya same ta. Ya taɓa gyara wa liman alƙibla mutane na tsaye a sahu. Wata Juma'a ya kai saniyarsa ta kansa kasuwar Dogon Dutsi, dillali na ta rantsuwa cewa haihuwarta biyu, mai saye har ya kama igiya, sai ga yatsa a sama. Haihuwarta bakwai, in ji mai saniya, kuma nononta ɗaya ya mutu tun bara. Da yamma ya koro abarsa gida, yana tafe yana jin daɗi.

A cikin mutanen da suka mayar da kawaici ado, waɗanda za ka taka wa ƙafa su ce maka sannu, irin wannan hali abin kunya ne babba. Yayansa Sabo, wanda shi ne arɗon rugar, ya yi faɗa, ya yi lallashi, har rubutu ya sa aka yi masa ya sha. Gidaɗo ya karɓi allon kafin a wanke, ya duba, ya ce malamin ya tsallake layi. Matarsa Hawwa'u ita kaɗai ta samo dabarar zama da shi. In tana son ya yi abu, sai ta ce ba ya yiwuwa. In tana son sanin inda ya kwana da shanu, sai ta ambaci wani wuri dabam, ta ci gaba da burgar nononta, amsa na zuwa da kanta.

Amma a ba shi haƙƙinsa. Daga Dogon Dutsi har Geceme babu wanda ya san daji kamarsa. Ya san kowace hanyar shanu, ya san wace rijiya ce gaba goma, wace ce gaba ashirin, wa ya gina ta, kuma a wane wata take ƙafewa. Ilimi ne na gaske, sai dai ya faɗa hannun wanda ba ya iya rufe baki a kansa.

Ƙarya ɗaya tak Gidaɗo ya taɓa riƙewa a duniya, ita ma gado ya ci. Akwai wata rijiya da ake kira Tsamiya Uku, tafiyar yini guda gabas da ruga, a cikin wani kwari tsakanin duwatsu, dab da iyakar ƙasar da Ingilishi suka mulka. In bazara ta yi tsanani, tafkuna sun bushe, rijiyoyin gari sun koma sai manoma sun gama sha kafin a bar wa baƙo, wannan rijiya ita ce ran rugar gaba ɗaya. Nan ake shayarwa, a huta, a ƙetara zuwa fadamun da ke can gefe. In babu ita, babu garken da zai kai damina da ƙafarsa.

A zamanin Nasara, lokacin da ake kwasar shanun mutane don ciyar da soja, an turo wani Bature mai awon ƙasa, aka ba shi tsoho Gado, mahaifin su Sabo, ya yi masa ja-gora. Tsohon ya san abin da awo ke jawowa. Ya ɗauki Baturen nan ya kai shi wani busasshen rami can yamma, inda wata rijiya ta rufta tun kafin a haife shi, ya nuna da sanda ya ce ga Tsamiya Uku. Bature ya ɗiga shuɗin tawada a takarda, ya hau dokinsa. Shekara talatin 'yan gardi, dogarai masu jar hula na kumandan mai mulkin yankin, suna zuwa su tsuguna a bakin ramin nan suna jiran Fulani, har gemunsu ya yi fari. Don kada manoma su yi karambani su faɗa wurin na gaske, tsohon ya ƙara da cewa akwai doguwa a cikin tsamiyoyin, mai shanye ƙafar duk wanda ba ta sani ba. Mutanen Arewa kuwa, wato ƙasar Dogon Dutsi, ba a yi musu wasa da wannan aljana.

Duk ɗan rugar ya san wannan, kuma duk ɗan rugar ya san ba a faɗa. Gidaɗo ma ya sani. Ya riƙe, amma riƙon wanda ƙaya ta karye masa a tafin ƙafa. Duk sanda aka ce gwamnati na da takarda mai nuna ƙasa, sai ya tashi ya bar wurin, don ya san a cikin takardar nan akwai kuskure kwance, kuma an hana shi taɓawa.

Shekara uku bayan samun mulkin kai, wani biro, wato ofishin gwamnati, a Yamai ya fito da dabara. A riƙa tura ɗaliban babbar lakwal, makarantar boko ke nan, cikin ƙasa a hutun damina, su yi abin da ake kira sitaj, wato koyon aiki a hannun manya. Manyan kuwa su ma ba su daɗe da sanin inda ake ajiye hatimi ba. Aka ce kowane ɗalibi ya binciko wani abu na kimiyya da zai amfani tsaron ƙasa, ya rubuto rahoto, wanda nasa ya fi a tura shi Faransa ƙaro karatu. Uku aka sauke a Dogon Dutsi. Na farko aka ba shi gwangwanin awon ruwan sama, ya kafa shi a ƙarƙashin bedi, itacen dogon yaro, don kada rana ta lalata kayan gwamnati. Na biyu ya zo da rediyo don ya gano ko muryar Yamai na kaiwa ƙauyuka, batir ya mutu a kwana na biyu, ya ƙarasa hutunsa a wurin mai shayi. Na ukun shi ne Mahamadu, wanda aka ɗora wa binciken ruwa da hanyoyin iyaka.

Mahamadu ɗan garin ne, ubansa na sayar da goro a bakin tasha, amma shekara shida a Yamai sun isa ya riƙa kallon fura kamar bai taɓa ganinta ba. Ba mugu ba ne. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da biyu, mai takalmi sau-ciki da alƙalami uku a aljihu, wanda in ya rufe ido ba ya ganin kome sai jirgin Faransa. Kumandan ya rasa yadda zai yi da shi, sai ya ba shi keke, da tsohuwar taswirar Nasara naɗe a cikin gwangwani mai tsawo, da takarda zuwa ga Arɗo Sabo. Ya ce masa kada ya yi gaggawar dawowa.

Labari ya riga keke isa ruga. Sabo na kwance a lokacin, kurkunu ya fito masa a idon sawu, ƙafar ta kumbura ba ta takuwa. Ya aika aka kira ƙaninsa.

"Gidaɗo, baƙo na tahe da takarda. Kwana ukku za shi yi. Abu guda nika roƙo gare ka: duk abin da yac ce, haka na. In yac ce rana daga yamma taka hitowa, haka na."

"Yaya, ai rana ba..."

"Ka gani? Tun ba a soma ba."

Gidaɗo ya yi alkawari, har da dafa kai. Hawwa'u ba ta yarda da alkawarin ba, ta naɗa masa rawani da kanta, ta bar masa wutsiya doguwa, ta ce in magana ta taso ya cusa a baki.

Baƙo ya iso, aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa kusa da Arɗo, aka kawo kindirmo. Ya warware taswira, ya danne kusurwoyinta da duwatsu, ya shiga karanta wa mutane ƙasarsu. Ya sa Geceme a inda ba ta taɓa zama ba. Ya ce tafkin da matan rugar suka ɗebo ruwa da safe babu shi. Sabo na kwance yana gyaɗa kai, yana kiransa Mushe yadda ake kiran 'yan boko da Faransanci, yana cewa, "Haka na, Mushe, Allah shi ƙara sani." Sauran dattawa na amsawa. Gidaɗo na can ƙarshen tabarma, wutsiyar rawani a baki, idanu sun yi ja, gumi na bin wuyansa. Kafin la'asar ya tauna rawanin ya huje.

Kwana na biyu Mahamadu ya hau kekensa shi kaɗai, ya bi taswira har ramin nan na yamma. Ya dawo da yamma ƙafafun wando duk ƙarangiya, amma fuska cike da fara'a.

"Bon, Baba Arɗo, na gano abin da nika biɗa. Tsamiya Ukku ta mutu. Na gani da idona, rami na busasshe, ko itace babu. Ke nan tsakanin Dumega da iyaka babu ruwa ko kaɗan da rani. Ba mutum, ba dabba da ka iya ƙetarewa ta nan. Haka za ni rubutawa, gwamnati ta kwantar da hankalinta, ba a bukatar gardi wanga waje."

Da Sabo na da ƙafa da ya tashi ya taka rawa. Abin da tsohonsu ya shuka a zamanin Nasara, ga shi ɗan ƙasa zai sa masa hannu da hatimin sabuwar gwamnati. Ya sa aka yanka ɗan akuya. Ya dubi ƙaninsa, ya ga har yanzu bakin a toshe, ya ji tausayinsa ya kama shi, har ya tura masa hanta.

Saura abu ɗaya kawai, rakiya. Baƙon da ya kwana a gidanka, ya sha nononka, ba a barinsa ya fita shi kaɗai kamar wanda aka kora. Kuma baƙon arɗo mai takardar kumandan ba a haɗa shi da kowa sai jinin gidan. Samarin duk sun yi arewa da manyan garkuna tun farkon damina, Sabo ba ya takawa. Aka duba hagu, aka duba dama, babu kowa sai Gidaɗo. Hawwa'u ta ce a ce ba shi da lafiya. Sabo ya ce abin kunya ne, mutum ya ci hanta jiya a gaban baƙo.

"Ga gawo can bakin hanya," in ji Sabo. "Nan za ka tsayawa. Ka ce mishi Allah shi kiyaye, ka juyo. Kalma ukku."

"Huɗu na, Yaya, in an sa..."

"Tahi!"

Suka kama hanya da hantsi, Mahamadu na tura keke saboda yashi, Gidaɗo na biye da sanda a kafaɗa. Har suka kai gawo bai ce uffan ba. Ya tsaya, ya buɗe baki zai yi sallama. Da Mahamadu ya hau kekensa a lokacin, da yau ba a san sunan Gidaɗo ba. Amma ɗan sitaj ya ga dattijo shiru-shiru mai ladabi, ya ga ya dace ya bar masa ɗan ilimi na ban-kwana.

"Ka sani, Baba, abin da ya ba ni mamaki? Ƙasar wurin nan tsakuwa ta, tsamiya ba ta hitowa cikinta. Ke nan tun asali ba a taɓa yin tsamiya ba. Ku mutanen daji haka kuke, ku laƙa ma wuri suna ba dalili. Shi ya sa Nasara da awo yaka aiki, ba da zancen baki ba. Wala."

Gidaɗo ya lalubi wutsiyar rawani, ya tarar ya cinye ta tun jiya. Ya dubi ruga, ya ga hayaƙi na tashi can nesa, babu mai ganinsa. Yatsa ya ɗaga da kansa.

"Ba haka na ba."

"Mi kac ce, Baba?"

"Tsamiya ukku na nan, yaro, da ransu. Guda ta tsage, tsawa ta hwaɗa mata shekarar hwara. Rijiya na gindinsu, gaba goma sha ɗaya, ba ta taɓa ƙahewa ba. Takardarka ta ka ƙarya."

"Ampasibil, ba shi yiwuwa. Wanga aikin injiniya na."

"Injiniya tsohona yab bi, tsohona kuwa yamma yak kai shi."

Mahamadu ya yi dariya, irin dariyar da ake yi wa tsoho in ya fara ruɗewa. Wannan dariya ita ta ƙarasa aikin. Gidaɗo ya kama ƙahon keken ya juya shi gabas. Sai da suka yi nisa hankalinsa ya ɗan dawo, ya tsaya ya ce, "Amma hwa ba ka rubutawa." Mahamadu ya dafa ƙirji ya ce don kimiyya ce kawai, ido zai gani, shi ke nan. Yana faɗa yana zaro alƙalami na farko.

Rakiyar da aka ce ta tsaya a gawo sai da ta ci kwana biyu. Gidaɗo ya nuna masa bakin kwarin da ba a gani sai an zo dab da shi. Ya nuna masa tsamiyoyin, ya sa shi ya ƙirga da bakinsa. Ya zura igiya, ya jawo, ya auna a gabansa, gaba goma sha ɗaya cif. Mahamadu ya tsaya nesa-nesa da itatuwan, don duk da takalmi sau-ciki ɗan Arewa ne, ya ji labarin doguwar tun yana goye. Gidaɗo ya ce masa ya matso, babu wata doguwa, tsohonsa ne ya ƙaga ta wata ranar Laraba. Daga nan ya nuna masa hanyar da ke ƙetarawa, da wadda ake bi in an hango gardi, da wadda ake bi in an toshe waccan. Ba wanda ya tambaye shi ta ukun.

Gaskiya ita ce, a duk rayuwarsa Gidaɗo bai taɓa jin daɗi irin na kwanakin nan biyu ba. Shekara hamsin yana gyara wa mutane magana, ladansa tsaki da harara. Yau ga mutum mai ilimin lakwal, in an gyara masa sai ya ce "mersi, Baba," ya soke abin da ya rubuta, ya sa na Gidaɗo. Har tambaya yake ƙarawa. Wanda bai taɓa samun mai saurarensa ba, ranar da ya samu sai a yi masa uzuri kaɗan. Kaɗan fa, ba da yawa ba.

Da ya dawo ruga ya ce keken baƙo ne ya lalace, ya taimaka masa har Dumega. Wannan ita ce ƙarya ta biyu a rayuwarsa, kuma ba ta yi minti ɗaya a tsaye ba. Hawwa'u ta dubi ƙafafunsa, ta ga jar laka wadda babu irinta sai a kwari ɗaya.

"Baban Ajuma, can Dumega anka koma yin jar laka?"

Ya duƙa ya shiga kankare ƙafa.

"Na ji an ce ramin yamma kak kai shi," in ji ta, tana kallon ƙwaryarta.

"Ba haka na..." Ya kama bakinsa da hannu, amma an riga an gama.

Da labari ya kai wa Sabo, bai yi faɗa ba. Ya juya fuska ga zana, ya ce Allah ya sa yaron ya cika alkawari. Gidaɗo ya yi ta rantsuwa cewa yaron kirki ne, ɗan mutunci, har ƙirji ya dafa.

Rahoton Mahamadu shi ya zo na ɗaya a cikin na ɗalibai arba'in. Aka ce ya gano da kansa, ta hanyar nazarin ƙasa da itatuwa, kuskuren da ya gagari Turawa shekara talatin. A shafi na ƙarshe ya gode wa kumandan saboda keke. Kafin kaka ya hau jirgi, kuma ba a sake ganinsa a Dumega ba. Rahoton ya shiga kabad, ya kwanta. Rani ya zo, aka shayar a Tsamiya Uku lami lafiya, aka ƙetara, aka dawo. Gidaɗo ya bi bukka-bukka yana tambaya wa ya ce yaron zai rubuta.

A shekara ta gaba aka shiga raɗe-raɗin cewa masu bindiga na shigowa ta iyaka. Yamai ta ruɗe, aka ce kowane biro ya fito da abin da ya sani. Wani ma'aikaci ya buɗe kabad yana neman abin da zai nuna wa na sama da shi, ya ci karo da taswira sabuwa fil, mai rijiya guda a ɓoye da hanyoyi uku zane da jan alƙalami. Ba a taɓa ganin aikin sitaj da ya yi amfani haka ba.

Bazarar shekarar ta yi zafi ƙwarai. Rugar ta tashi gaba ɗaya, mata da kaya a kan takarkarai, shanu sun kwana biyu ba su sha ba. Tun daga bakin kwari suka shaƙi ruwa, suka sheƙa da gudu, babu mai iya tare su. Da mutane suka iso sai suka tarar da rumfa, da dawakai shida a ɗaure a gindin tsamiya, da 'yan gardi zaune suna shan shayi. Rijiyar kuwa an rufe bakinta da siminti, fari fat, har magini ya zana shekara a kai da tsinke. Umurni ne daga sama, kada a bar ruwa ko ɗaya kusa da iyaka wanda maƙiyi zai sha. Su 'yan gardin a ganga ake kawo musu nasu daga Dumega.

Shanu suka kewaye simintin suna kuka, suna lasarsa, wasu na tonon gefe da kofato. Sabo ya je ya durƙusa gaban shugaban gardi, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Shugaban ya ce shi ɗan aike ne. Gidaɗo ya kutsa ya shiga, ya ce ai kuskure aka yi, wannan ba ita ce rijiyar da ke cikin takarda ba, ta takarda tana can yamma. Ƙarya ta uku ke nan, kuma ita ce kaɗai ya yi da zuciya ɗaya. Shugaban gardi ya shiga rumfa ya fito da taswira, ya shimfiɗa a kan simintin.

"An ce kai ka san dajin ga. To duba. In ka ga kuskure guda, ko ƙanƙane, nuna mini, ni da kaina za ni aika Yamai."

Gidaɗo ya duƙa. Ga kwarin, ga tsamiya uku, har an nuna wadda ta tsage. Ga hanya ta ɗaya, ta biyu, ta uku, kowace da lanƙwasarta. Ya bi da yatsa daga sama har ƙasa, ya sake bi, mutanen rugar na tsaye a bayansa ba mai motsi. Tunda yake bai taɓa neman kuskure ya rasa ba sai ranar. Ya miƙe ya ja da baya.

Aka juya shanu da duka, don ba su yarda su bar ƙanshin ruwan ba. Kwana biyu aka yi ana jan su zuwa rijiyoyin Geceme, inda aka jira manoma suka gama kafin a ba su guga. Waɗanda suka faɗi a hanya ba a faɗin yawansu, Bafulatani ba ya ƙirga irin wannan a gaban mutane. Abin da aka sani shi ne, gidaje uku a rugar ba su sake kafa turke ba, mazansu suka shiga Dogon Dutsi gadin shaguna. Sabo ya rasa farar saniyar da ya gada daga tsohonsu.

Babu wanda ya zagi Gidaɗo, babu wanda ya ɗaga masa sanda. Da sun yi da ya fi masa sauƙi. Ana gaishe shi da safe, ana tambayarsa gajiya, in an yi suna ana aiko masa da nama. Sai dai in ya doso inuwar da maza ke zaune, hira ta koma kan sauro. Ya yi ta baƙin ciki har ya rame, kuma ya san abin da ya yi, bai taɓa cewa laifin yaron ne ba.

Da kaka ta wuce, sai ya lura maza shida sun ɓace daga ruga, da diga da igiyoyi. Wata biyu suka yi, suka dawo da hannuwa duk kanta. Ya tambaya, aka ce sun je gaisuwar mutuwa. Bazara ta zo, ƙanin Hawwa'u ya zo ya kore ragowar shanun Gidaɗo tare da nasa, aka ce shi ya zauna ya huta, ya tsufa da wahalar daji. Bayan kwana huɗu aka aiko wa tsofaffin da aka bari da ruwa a salka, mai sanyi, mai yawa. Rugar ta yi sabuwar rijiya. Mata sun san inda take, 'yarsa Ajuma ta sani, surukinsa da ya shigo rugar bara ya sani.

Ya gwada bin sawu, ya tarar an kora tumaki a kai. Ya gwada dabarar matarsa, ya riƙa ambaton wurare da gangan a gaban mutane ko wani zai gyara masa, amma duk rugar babu mai irin ciwonsa, kowa sai ya ce haka na. Ruwan ma kafin ya iso bakinsa Hawwa'u ta jefa ɗan gutsuren kanwa a ciki, don ta san harshensa na iya gane ƙasar da ruwa ya fito.

Shekara goma sha bakwai ya ƙara a duniya a haka. A bazararsa ta ƙarshe, idanu sun tafi, ƙafa ba ta kai shi ko bakin zana, Hawwa'u ta kawo masa ruwa da azahar ta tallafi kansa. Ya riƙe hannunta.

"Hawwa'u, yanzu ko na so, ba ni iya kai kowa. Ba ni tambayar wuri. Ki ce mini dai, gabas ko yamma?"

Ta daɗe tana dubansa. Tana sonsa, duk rugar ta san haka, hawaye ma sun cika mata ido. Ta waiwaya ta ga babu kowa kusa, ta gyara masa rawani, ta kai ƙwaryar bakinsa.

"Sha ruwanka, Baban Ajuma," in ji ta.

Ya sha.